Yadda ake gasa ƙananan fai na cuku da kayan lambu don tarbar baƙi

Idan baƙi suka taru ana hira kafin a kawo babban abinci, abin da ya fi dacewa a ajiye a gabansu shi ne wanda za a ɗauka da yatsu a cinye a loma biyu. Ƙananan fai na cuku da kayan lambu, wato kwaɓin fulawa da ake zuba wa haɗi a ciki a gasa a obin, irin wannan ne. Ba sa bukatar cokali, ba sa ɓata hannu da maiƙo kamar abin suya, kuma kusan duk aikinsu ana iya gama shi tun kafin ranar taron.

Sai dai kukan da aka fi yi da su guda ɗaya ne: sama ya yi ja ya yi kyau, ƙasa kuma ya jiƙe ya yi danƙo. Mafi yawan lokaci ba obin ba ne da laifi, ruwa ne. Ruwa iri biyu ke aiki a cikin fai. Akwai na cikin bota, wanda shi muke so, domin shi ke zama tururi ya ɗaga fulawar ta yi sala-sala. Akwai kuma na cikin ganye da albasa da tattasai, wanda idan aka bar shi ya shiga obin zai tsiyayo ya kwanta a ƙasa. Duk matakan da ke tafe, uwargida, dabara ce ta tsare na farkon da korar na biyun.

Kayan da za ki tanada

Wannan awon zai ba ki fai 24 masu kusurwa uku. Na kwaɓi, ki samu fulawa giram 250, bota giram 180, gishiri rabin ƙaramin cokali, da ruwa mai sanyi ƙalau kimanin mililita 120. Na ciki kuwa, alayyahu giram 250, albasa matsakaiciya 1, jan tattasai 1, tafarnuwa ƙwaya 2, cuku giram 150, ƙwai 2, masoro, da man gyaɗa ko na zaitun babban cokali 1.

Idan kina da sikeli, ki auna da shi. Kofi ɗaya na fulawa yana iya bambanta sosai tsakanin wanda aka danna da wanda aka zuba sakwa-sakwa, kuma wannan kwaɓin ba ya son a yi masa kirdado.

Batun bota ba na sassauci a kansa. Ki nemi ta gaske, wadda aka yi da madarar shanu, mai zuwa a dunƙule, mai yin tauri idan ta kwana a firij. Irin mai zuwa a cikin roba da ake shafa wa burodi an yi ta ne don ta zauna da laushi ko a cikin sanyi, saboda haka cakuɗewa take yi da fulawa, ba ta tsayawa ita kaɗai. Bota ta gaske kusan kashi 80 cikin 100 mai ce, kimanin kashi 16 kuma ruwa. Wannan ɗan ruwan idan ya zama tururi yana faɗaɗa fiye da ninki 1,600, shi ya sa kwaɓin da babu yis babu bakar hoda a cikinsa yake tashi.

Kwaɓin

Ki sa botar a firiza na tsawon minti 40 ko fiye, har sai ta daskare. Ruwan ma ki jefa masa ƙanƙara. Idan garin akwai zafi, ki haɗa da fulawar da kwanon kwaɓin ki sa su a firij na rabin awa. Bota tana narkewa ne tsakanin digiri 32 zuwa 35, zafin jikin mutum kuma 37 ne, kin ga tafin hannunki kaɗai ya isa ya narkar da ita.

Ki tankaɗe fulawar da gishirin a babban kwano. Ki ɗauko botar, ki riƙe ta da takardarta, ki tsoma bakinta cikin fulawa, sannan ki goga ta a manyan ƙofofin magogi kai tsaye cikin kwanon. Duk sanda ta fara mannewa ki sake tsoma ta cikin fulawa. Da kin gama, ki sa wuƙar cin abinci ko cokali mai yatsa ki juya har kowane sili na bota ya lulluɓe da gari. Kada ki murje ta da yatsu. So ake ta kasance ana ganinta.

Yanzu ki yayyafa ruwan, amma ba duka lokaci guda ba. Ki fara da kashi uku cikin huɗu, ki juya da wuƙar, ki ɗebo kaɗan ki matse a tafin hannu. Idan ya kama jikinsa, ya isa. Idan ya warware, ki ƙara cokali ɗaya ki sake gwadawa. Fulawa ta bambanta wajen shan ruwa, wata ba za ta cinye 120 ɗin ba, wata sai an ɗan ƙara mata.

Ki tattaro shi wuri guda ki danne, ba tare da kin murza shi irin murzar burodi ba. A cikin fulawa akwai sinadarin da ke yin danƙo idan ya haɗu da ruwa aka kuma yi ta murza shi. Burodi yana son wannan danƙon, fai ba ya so, domin shi ke sa ɓawon ya yi tauri kuma ya tsuke a obin. Kwaɓin zai fito da kaushi, da tsage-tsage a gefe, da ɗigo-ɗigon bota. Haka ake son sa. Ki yi masa siffar murabba'i, ki naɗe a leda, ki sa a firij minti 30.

Bayan ya huta, ki barbaɗa fulawa kaɗan a tebur, ki murza shi ya yi tsawo, kamar santimita 15 a faɗi da 40 a tsawo. Ki ninke shi gida uku kamar yadda ake ninke wasiƙa za a sa a ambulan, ki juya shi buɗaɗɗen gefen ya fuskanto ki, ki sake murzawa ki sake ninkewa. Ki mayar firij minti 20, sannan ki yi ninki na uku. Kowane ninki yana ninka yawan sala sau uku, na farko 3, na biyu 9, na uku 27, ga kuma silin botar da ke warwatse a tsakaninsu. Za ki ga a ninki na uku kwaɓin ya yi sumul, botar ta koma jirwaye-jirwaye. Duk lokacin da kika ji ya fara laushi ko yana maiƙo a hannu, ki tsaya, ki mayar da shi sanyi. Bayan ninkin ƙarshe ya huta aƙalla minti 30, in ya kwana ma ya fi.

Wadda ba ta da lokacin wannan tana iya sayen kwaɓaɓɓen da ake sayarwa a daskare, giram 500. Ta narkar da shi a cikin firij, ba a waje ba, ta kuma duba jikin kwalin ko da bota aka yi shi.

Zaɓen cuku

Ba kowane cuku ne yake hali ɗaya a wuta ba, kuma a nan ne ɗanɗanon fai ɗinki yake.

Cheda, wanda ya samo sunansa daga wani ƙauye a yankin Somaset na Ingila, yana narkewa da kyau kuma yana da ƙarfin ɗanɗano, musamman wanda ya daɗe a ajiye. Mozarela na Italiya shi ne mai yin zare idan an gutsura, amma ɗanɗanonsa ba shi da ƙarfi, kuma sabonsa da ke zuwa cikin ruwa yana tsiyaya sosai. Idan shi za ki sa, ki nemi busasshen mai zuwa a dunƙule. Feta na ƙasar Girka ana ajiye shi cikin ruwan gishiri, ba ya narkewa ya malale, laushi kawai yake yi ya tsaya inda aka sa shi. Famesan kuwa, wanda na asalinsa ba a fitar da shi sai ya yi aƙalla wata 12, mai tauri ne mai ƙamshi, kaɗan ɗinsa ake sawa.

A ganina haɗin da ya fi dacewa da alayyahu shi ne cheda giram 100 da feta giram 50. Chedan ya narke ya riƙe ganyen, fetan kuma ya ba da gishiri da ɗan tsami. Idan iri ɗaya kawai kika samu, to ya zama cheda. Ki sayi dunƙule ki goga da kanki, domin wanda ake sayarwa a goge akan barbaɗa masa sitaci don kada ya manne, wannan kuma yana rage masa kyan narkewa.

Korar ruwan kayan lambu

Wannan shi ne matakin da aka fi yi wa gaggawa, shi ne kuma ya fi cancantar haƙuri. Alayyahu kusan kashi 90 cikin 100 ɗinsa ruwa ne, tattasai ya ɗan haura haka, tumatir kuwa ya kusa 95. Minti 20 da ɗoriya da fai zai yi a obin ba zai ƙone wannan ruwan ba, tunda a rufe yake ba shi da hanyar fita.

Ki gyara alayyahun, ki cire manyan jijiyoyi, ki wanke shi sau biyu ko uku har yashi ya fita. Ki zuba a tukunya mai zafi da ɗan ruwan da ke jikinsa kawai, ki rufe minti 2. Zai lanƙwashe ya koma ɗan kaɗan. Ki juye a gwagwa ya huce, sannan ki zuba shi a tsumma mai tsabta, ki tattara bakin tsumman ki murɗe da ƙarfi. Koren ruwa zai yi ta zuba. Idan kin ga kamar ya ƙare, ki sake murɗewa, za ki ga akwai saura. Abin da zai rage miki dunƙule ne da bai cika tafin hannu ba, mai tauri, wanda idan kin ɗora a busasshen faranti ba zai bar jiƙa ba. Sai ki yayyanka shi ƙanana.

Albasar da tattasan ki yanka su ƙanana sosai, domin manyan yanka suna huda kwaɓi. Ki sa man a kasko mai faɗi, ki zuba albasar da ɗan gishiri, wuta matsakaiciya, minti 8 zuwa 10 har ta yi laushi ta fara ja a gefe. Gishirin yana janyo ruwanta da wuri. Ki ƙara tattasan ki ci gaba da juyawa. Kunnenki zai gaya miki lokacin da suka yi: da farko za ki ji suna tafasa cikin ruwansu, daga baya sautin zai koma na suya, cas-cas. Ki ja cokali a tsakiyar kaskon, idan ruwa bai biyo bayan cokalin ba, to sun bushe. A nan ne za ki sa tafarnuwar da kika daka, minti 1 kawai, don tana saurin ƙonewa ta yi ɗaci. Ki zuba alayyahun ki juya minti 1, ki sauke.

Ki baza su a faranti su huce sarai. Kada ki sa cuku a kan abu mai ɗumi, kada kuma ki ɗora abu mai ɗumi a kan kwaɓi, domin zai narkar da botar da kika sha wahalar tsarewa. Idan sun yi sanyi ki zuba cukun da masoro, ki ɗanɗana tun kafin ki sa ƙwai. Sau da yawa gishirin cukun ya wadatar. Ciki ya kamata ya ɗan fi abincin yau da kullum jin gishiri da yaji, saboda ɓawon zai rage masa kaifi. Daga nan ki fasa ƙwai ɗaya ki kaɗa, ki zuba, ki juya. Shi zai haɗe kayan su zama abu guda. Idan duk da haka kin ga haɗin ya yi ruwa, ki barbaɗa garin busasshen burodi babban cokali 1 ya tsotse.

Kina iya sauya kayan lambun yadda kike so, muddin kin bi da kowanne ta hanyarsa. Karas a goga shi a soya tare da albasa. Kabeji a yanka siriri a soya har ya saki ruwansa. Dankalin turawa a dafa shi tukuna a yanka ƙanana. Ɗanyen tumatir dai ban ba da shawarar a rufe shi cikin fai ba, wurinsa a saman wanda ake bari a buɗe.

Yanka da naɗi

Ki raba kwaɓin biyu, rabi ya jira a firij. Ki murza ɗaya rabin ya kai santimita 24 da 32 da ɗan ɗori, kaurinsa kamar milimita 3. Ki riƙa murzawa daga tsakiya zuwa waje, kina ɗaga shi kina juyawa don kada ya manne. Ki datse gefunan da wuƙa mai kaifi, sannan ki yanka murabba'i 12, kowanne santimita 8. Ki danna wuƙar ƙasa kai tsaye, kada ki ja ta, domin ja yana liƙe bakin salar ya hana ta tashi.

Ki kaɗa ƙwai na biyu da madara ko ruwa cokali 1. A tsakiyar kowane murabba'i ki ɗora haɗin ƙaramin cokali ɗaya cike da tozo. Zuciya za ta so ki ƙara, kada ki biye mata. Fai da aka cika shi fashewa yake yi a obin, cukun ya kwarara ya ƙone a tire, a bar baƙo da ɓawo fanko. Ki shafa ƙwai siriri a gefe biyu, ki ninko ɗaya kusurwar ta haɗu da ta gabanta, ki fara dannawa daga jikin haɗin zuwa waje don iska ta fita. Ki bi bakin da cokali mai yatsa ki danne. A ƙarshe ki yi ɗan tsagi ɗaya ko biyu a sama da bakin wuƙa, ta nan tururin ciki zai fita.

Ragowar da kika datse kada ki cuccura su. Ki jera su ɗaya bisa ɗaya ki murza, salarsu za ta zauna.

Idan kina son tiren ya ƙayatar, ki yi rabi na biyun da wata siffa. Ki murza shi, ki shimfiɗa haɗin siriri a kai ki bar santimita 2 a gefe ɗaya, ki naɗe shi tamau ta dogon gefen, ki liƙe da ƙwai, ki sa a firiza minti 20, sannan ki yanka shi fale-fale kaurin santimita ɗaya da rabi. Ko kuma ki bar murabba'in a buɗe: ki zana layi da bakin wuƙa santimita 1 daga gefe ba tare da kin huda ƙasa ba, ki caccaka tsakiyar da cokali mai yatsa, ki ɗora haɗin, ki ɗora yankan tumatir da kika cire wa 'ya'ya kika tsane. Gefen zai tashi ya kewaye cikin.

Ki jera su a tiren da kika shimfiɗa wa takardar gashi, ki bar tazarar yatsa biyu tsakaninsu, ki mayar da tiren firij minti 20. A daidai wannan lokacin ki kunna obin.

Gashi

Obin ya kai digiri 200 kafin komai ya shiga, mai fanka kuma 180 zuwa 190. Ki ba shi minti 20 yana ɗaukar zafi. Abin da ake so shi ne kwaɓi mai sanyi ya gamu da zafi mai ƙarfi farat ɗaya, ruwan botar ya zama tururi kafin man ya sami damar narkewa ya gudu. Idan obin ɗinki ba shi da ma'auni, ki gwada shi da ɗan yankin kwaɓi. In ya kumbura ya fara ja cikin minti 10, zafin ya yi. In kuwa ya kwanta mai yana fita ta ƙarƙashinsa, da saura.

Ki fito da tiren, ki shafa ƙwai a saman kowanne da burushi, ki kiyaye kada ya gangara bakin da aka yanka, don zai liƙe shi. Ki barbaɗa riɗi idan kina so. Ki sa a tsakiyar obin ko ɗan ƙasa da tsakiya, tire ɗaya a lokaci guda. Minti 15 na farko kada ki buɗe ƙofa. Bayan nan ki juya tiren na gaba ya koma baya, domin kusan kowane obin yana da ɓangaren da ya fi zafi. Masu kusurwa uku kan ɗauki minti 22 zuwa 25, naɗaɗɗun da buɗaɗɗun kuma 18 zuwa 20.

Launin sama yana ruɗi, saboda ƙwai yana sa shi ja da wuri. Ki ɗaga ɗaya ki duba ƙasansa. Idan ya yi ja kuma ya bushe, ya gasu. Idan fari ne, ki ƙara minti 3 zuwa 5, in saman ya yi duhu ki rufa masa takarda. Ni na fi son su ɗan yi duhu kaɗan a kan su fito fari-fari, domin ɓawon da ya gasu sosai ya fi ƙamshi kuma ya fi daɗewa da garas-garas ɗinsa.

Da sun fito ki kwashe su zuwa kan raga, inda iska za ta bi ta ƙarƙashinsu. Idan suka huce a kan tire ko aka rufe su da zafinsu, gumi za su yi su saki. Ki ba su minti 10 kafin ki kai wa baƙi, don narkakken cuku yana ƙona baki.

Tsara lokaci da yawan baƙi

Idan akwai abinci a bayansu, ki ƙiyasta 3 ko 4 ga kowane mutum, wato awo ɗaya zai ishi mutum 6 zuwa 8. Idan za ki ninka awon, ki kwaɓa kowanne daban, domin babban kwaɓi yana ɗumama kafin a gama murza shi.

Kwaɓin yana kwana 2 a firij lafiya, haɗin ciki kuma kwana 1, amma ki bar ƙwan sai za ki naɗa. Hanyar da ta fi sauƙaƙa wa mai karɓar baƙi ita ce ki naɗe su duka ɗanye, ki jera a tire ki sa a firiza har su daskare, sannan ki juye a leda mai zif. Suna kai wata 2 a haka. Ranar taro ki ɗauko su daga firiza zuwa obin kai tsaye ba tare da sun narke ba, ki shafa ƙwai, ki ƙara minti 5 a kan lokacin gashin. Gara ki gasa rabi kafin baƙi su iso, sauran kuma bayan sun zauna, kowa ya samu mai ɗumi.

Tunda akwai ƙwai da cuku a ciki, kada su wuce awa 2 a kan tebur, idan kuma zafin wurin ya haura digiri 32 to awa 1. Abin da ya rage ki sa a mazubi mai murfi cikin firij, a cinye cikin kwana 3. Wajen ɗumamawa ki mayar da su obin a digiri 180 na minti 8 zuwa 10. Maikirowef yana ɗumama cikin da sauri, amma ɓawon laushi zai yi.